Jinjina ga mazan Dutse masu ƙin rufa-rufa

A Fabrairun 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar hana cin zarafi ta Jigawa, mai tanadin hukunci mai tsanani ga masu fyaɗe. Amma doka ba ta shiga zaure da ƙafarta, sai an kai ƙara. Nan aikin maza yake.

Jinjina ga mai unguwar da dangin mai laifi suka yi masa sallama da dare suna cewa, "Ranka ya daɗe, a rufa asiri," ya ce sai gaban hukuma. Jinjina ga uban da ya garzaya da 'yarsa cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse, tun ba a wanke tufafinta ba, don kada shaida ta ɓace. Haka limamin da ke tunatarwa a huɗuba cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba, da saurayin da ke tsawatar wa abokansa a majalisa in sun tare 'yar talla.

Suna shan gori da gaba, ba su fasa ba. Allah ya saka musu da alheri, ya yawaita irinsu.