Daji A Adabinmu: Mun Ga Mafarauci, Ina Mai Dashe?

Duk wanda ya san ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san ƙasa ce ta itatuwa. Ɗorawa da kaɗanya da kanya da tsamiya da marke suna tsaye a gonaki tun kaka da kakanni, mata na samun kalwa da man kaɗe, makiyaya na samun ganye da rani, matafiyi na samun inuwa. Amma a yau idan ka ambaci kalmar "daji" a gaban mutumin waɗannan garuruwa, gabansa ne zai faɗi kafin ya tuna da kalwa. Abin da wannan ɗan nazari ke son dubawa shi ne yadda adabinmu na zube da na waƙa ya ɗauki daji, da kuma dalilin da ya sa har yanzu bai ba mai dashe da mai ban-ruwa gurbin da ya dace da su ba.

Bari mu fara daga tushe. A tatsuniyoyinmu daji gidan Dodo ne da kura da aljanu, wurin da ake tura marainiya don ta halaka. Da aka zo ga littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, sai aka ɗauko wannan hoton aka zuba a takarda. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, daji hanya ce da jarumi ke ratsawa don ya kai ga abin da ya fita nema. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, can ake ɓoye yaron da aka sace. Haka nan a Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, fili ne na gwada ƙarfi da abokan gaba. Ko da aka shigo shekarun 1980, Bature Gagare a Ƙarshen Alewa Ƙasa (1982) ya nuna mana shi a matsayin mafakar miyagu masu ɗauke da makamai, abin da mutanen Faskari za su ce tamkar marubucin ya leƙo zamaninsu ne.

Ba laifin waɗannan magabata nake gani ba, domin kowane marubuci ɗan zamaninsa ne. A lokacin Imam daji yana da yawa, mutane kaɗan ne, ba wanda ya yi zaton zai ƙare. Laifin namu ne da muka gaji hoton muka riƙe shi yadda yake, alhali ƙasar ta sauya. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo (1978) ya matso kusa, tunda ya mayar da jaruminsa ƙauye ga noma bayan birni ya wahalar da shi, sai dai hankalin littafin yana kan guje wa ƙauye ne, bai tsaya kan itace ba. Littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun shekarun 1990 kuwa, itacen da suka fi sani shi ne na lambun gidan attajiri, inda saurayi da budurwa ke zama suna shan iska. Ba a taɓa gaya mana wanda ke ba furannin ruwa ba.

A ɓangaren waƙa lamarin ya ɗan bambanta, domin muna da waƙoƙin wayar da kai a kan dashen itatuwa da yaƙi da kwararowar hamada, waɗanda akan rera a rediyo duk damina. Niyyarsu kyakkyawa ce, wasu ma ƙafiyarsu da karinsu ba su da makusa. Rauninsu guda ne, wato duk sun tsaya a ranar buki. Za a yabi wanda ya zo ƙaddamarwa, a lissafa amfanin itace daga inuwa zuwa magani, a yi kira ga jama'a su dasa, sai a rufe da addu'a. To, ai ranar dashe ita ce rana mafi sauƙi a rayuwar itace. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jarrabawar tana cikin watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiya ta ja baya, akuya ta rasa abin ci ta nufo shinge, gara ta kama saiwa, mai farautar gafiya ya cinna wa ciyawa wuta. Kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wace waƙa ce tamu ta bi itace har tsawon wannan lokaci?

Wani zai ce ai haƙuri ba ya yin labari, mai karatu rikici yake so. Wannan magana ba ta karɓu ba, domin babu inda rikici ya taru kamar a gandun daji na al'umma. Filin na waye? Mai unguwa ne ya bayar, ko gadon wani gida ne da za su dawo su nema idan itatuwan sun girma? Wa zai ɗebo ruwa, tunda aikin gayya daɗinsa yini ɗaya ne? Matar da ba ta da abin hura wuta, idan ta sari reshe, ɓarauniya ce ko mai haƙƙi? Makiyayin da burtalinsa ya bi ta wurin tun zamanin kakansa, ina zai bi da shanunsa? Ga mai gawayi da ke zuwa da kuɗi a hannu a shekarar da hatsi bai yi ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi ta isa ta riƙe littafi guda, da taurarinsa da ƙullinsa da warwararsa.

Tarihi ma bai bar mu hannu banza ba. A ƙarshen shekarun 1980 an kafa shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Tarayyar Turai, wanda ya fi ƙarfi a arewacin jihar, ya kafa shingayen kare iska da ƙananan gandaye na bedi da turare. Marubuci mai ƙwazo zai iya zuwa ya zauna da dattawan da suka yi aikin, ya ji abin da ya rayu da abin da ya mutu, da dalilin kowanne. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Katsina na cikin jihohi 11 na Nijeriya da ya shafa. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanya dajin Kogo na Jihar Katsina cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. A daidai wannan lokaci, ranar 11 ga Disamba 2020, aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kutsa daji da su. A 2021 kuma gwamnatin jihar ta hana manyan motoci ɗauko itacen wuta daga daji, cikin matakanta na tsaro. Mai karatu ya dubi yadda daji guda ya zama abin alfahari a takarda, abin tsoro a ƙauye, kuma abincin wasu a kasuwa. Marubucin da ya ce ya rasa jigo a nan, to bai buɗe ido ba ne.

Misali mafi kusa da mu yana Maraɗi. Tun daga 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, bayan ya ga yawancin dashen da ake yi yana mutuwa, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Sai manoma suka riƙa zaɓen tsiro mafi ƙarfi a kan kututture su bar shi, su sassabe sauran, su kare shi daga dabba da gatari. Da haka gawo da sauran itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ashe ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Jaruman wannan labari manoma ne masu magana da harshenmu, amma da harsunan Turai aka fi rubuta shi. A Kenya, Wangari Maathai da ta kafa ƙungiyar mata masu dashe a 1977 ta rubuta tarihin gwagwarmayarta da hannunta. A Faransa, Jean Giono ya rubuta gajeren labari a 1953 a kan makiyayi guda da ya ƙare rayuwarsa yana shuka itatuwa, aka fassara shi cikin harsuna da dama. Wannan ya nuna cewa haƙurin mai dashe yana iya riƙe mai karatu, muddin alƙalamin ya iya.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa daga wannan yanki, ita ce su guji mayar da labarinsu wa'azi ko sanarwar hukuma. Su ba mu mutum mai suna da hali da rauni, wanda ke gajiya, wanda wata rana ma yakan yi sha'awar sayar da itacen. Su kira kowane itace da sunansa, su san lokacin furensa, su san cewa gawo da damina yake zubar da ganye. Su bar shekaru su wuce a cikin labarin, yaro ya girma tare da abin da ya dasa. Kada kuma su ɓoye tsoron da ya hana manomi zuwa gonarsa ta nesa, domin shi ma yana cikin dalilan da ke kashe dashe.

Addininmu ya koyar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce gare shi. Mai wannan lada ya cancanci shafi a adabinmu kamar yadda mafarauci da ɗan fashi suka samu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka, amin.