Sharaɗi Kafin Gini: Nazarin Harsunan Ƙayyade Manhaja

Ɗalibin da ya tashi a Wurma, ya karanta babin gado na Risala a zauren malaminsa, sa'an nan ya wuce Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, don neman ilmin kwamfuta, haƙiƙa ya riga ya ɗanɗani abin da masana ke nufi da ƙayyade manhaja, wato rubuta sharuɗɗan aikinta da hisabi da manɗiƙi tun ba a ɗora tubalinta ba, domin zancen baka yana karɓar tawili, hisabi kuwa ba ya karɓa.

A ɗauki mas'alar matar da ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu. Miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu. Asalin mas'ala shida ne, amma uku da huɗu bakwai ke nan, sai malaman fara'ili su yi auli, su raba dukiyar bakwai, kowa ya ɗauki rabonsa na tawaya. Wanda zai rubuta manhajar rabon gado, wane harshe zai tsare shi daga mance wannan?

Harshen Z, wanda Jean-Raymond Abrial ya assasa, aka rene shi a Jami'ar Okasfod, har IBM ta yi aiki da shi a manhajarta ta CICS, yana wajabta wa marubuci ya bayyana ƙa'idar da ba ta sauyawa, kamar cewa jimillar rabo daidai take da abin da aka bari. Da zarar ya rubuta haka, bakwai ta ƙi shiga shida, auli ya tilasta kansa. VDM, na ɗakin binciken IBM a Biyana, ɗan'uwansa ne a tafarki. Hanyar B, ita ma ta Abrial, ta fi su tsanani, gama tana saukowa daga sharaɗi zuwa manhaja daki-daki, kowane mataki da hujjarsa, kuma da ita aka gina manhajar tsaron layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Faris, wanda ya fara tafiya ba direba a 1998. Sai dai wahalarta ta fi ƙarfin mai koyo.

TLA+ na Leslie Lamport sha'aninsa lokaci ne, da ayyukan da ke gudana tare, kamar a ciri kuɗi a wurin mai POS a daidai lokacin da ake tura su ta waya. Injiniyoyin Amazon sun gano da shi wani kuskure wanda sai an bi matakai 35 yake bayyana. A rabon gado ba shi da babban aiki.

Ni dai Alloy na Daniel Jackson na fi so a fara ɗora wa ɗalibanmu, ko da yake yana da rauni wajen lissafin manyan lambobi, saboda ƙarfinsa a dangantaka yake, kuma babin hajabu dangantaka ce tsantsa: ɗa yana kange jika, uba yana kange kaka. Idan ɗalibi ya yi da'awa, Alloy ba ya neman hujjar gaskata ta. Ƙananan misalai yake bincikewa, har ya zana masa iyalin da ya rushe da'awar, ya ga da idonsa magajin da ya zalunta. Bayan haka sai a kai shi ga Z, ya koyi rubuta auli.