Jinjina ga Masu Gashin Ƙashi

Gashin ƙashi sana'ar masu haƙuri ce. Ma'aikacin yakan riƙe ƙafar yaron da shan inna ya taɓa, ya lanƙwasa gwiwar a hankali, ya miƙar da ita, ya maimaita har jijiya ta saki. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, sai ya sake koya masa riƙe cokali, sannan taku ɗai-ɗai da sanda. A 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shan inna na asali, amma waɗanda ya riga ya nakasa suna nan a Talata Mafara, Bakura da Maradun, kuma gashi na taimaka musu su koma gona da kasuwa.

Wasu za su ce kuɗin lafiya kaɗan ne, zazzaɓin cizon sauro ya fi gaggawa. Haka ne, sai dai wanda aka ceto ransa aka bar shi kwance, ɗawainiyarsa kan iyali take. Gashi kuma ba zuwa ɗaya ba ne, makonni ake yi ana komawa, kuɗin motar Gusau kaɗai kan sa talaka ya haƙura. Dokar kare haƙƙin nakasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta ba su damar samun kulawar lafiya ba wariya. Jinjinar da ta dace da waɗannan ma'aikata ita ce a ware wa aikinsu kuɗi, a kawo shi kusa da jama'a.