Jinjina ga gwanayen ninkayar rigingine

Kowace mai ninkaya tana kallon inda ta dosa, ban da mai ninkayar rigingine. Ita a kwance take bisa ruwa, idonta sama, bangon da za ta taɓa yana bayan kanta. Da ta hango jerin tutocin da ake ratayewa mita 5 kafin bango, sai ta fara ƙirga bugun hannunta don ta san lokacin juyawa. Kuskuren bugu ɗaya yana iya ɓarar da wahalar shekara huɗu.

Kirsty Coventry, wadda aka haifa a Harare ta Zimbabwe a 1983, gwana ce a wannan fanni. Ta ci zinare a tseren mita 200 a wasannin Olamfik na 2004 a Girka, ta maimaita a 2008 a Sin. Lambobinta na Olamfik bakwai ne. A 2025 aka zaɓe ta shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko a wannan kujera.

Tseren kansa minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da ido ba ya gani shi ne sammako tun asuba, ciwon kafaɗa, da kai-komo a ruwa shekara da shekaru, babu mai tafi. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Ba don irin su Kirsty Coventry ba, da 'yan mata da yawa ba su yarda cewa ruwa ma fagensu ne ba.

Sannunku da ƙoƙari, gwanaye. Allah ya ƙara ƙarfin dantse.