3.4 Kwatanta Tarihihin Alloli na Arewacin Turai da na Ƙasar Kano

Wannan sashe zai dubi abin da matashi Bahaushe na Gwarzo ko Kabo yake iya bayarwa idan abokinsa na intanet daga Norwe ko Aisilan ya ba shi labarin Odin da Tor da Loki, sannan ya nemi jin na ƙasarsa. Amsar da ta fi kusa da bakinsa ita ce labarin Bayajida, domin shi aka koya masa a makaranta. Sai dai wannan labari na kafuwar sarauta ne, bai shafi abin bauta ba. Wanda ya dace a kwatanta shi ne labarin Barbushe da Tsumburbura na Dutsen Dala.

Idan aka duba, za a ga cewa labaran biyu sun iso ga mai karatu ta hanya iri ɗaya, wato ta alƙalamin wanda ya riga ya bar addinin da yake bayyanawa. Snorri Sturluson Kirista ne, ya kuma tsara littafin Edda wajen 1220, fiye da shekara 200 bayan Aisilan ta karɓi Kiristanci. Saboda haka a gabatarwarsa ya mayar da Odin mutum, shugaban da ya yi ƙaura daga gabas har jama'a suka ɗauke shi abin bauta. Haka shi ma marubucin Tarihin Kano Musulmi ne, da Larabci ya yi aikinsa a ƙarshen ƙarni na 19, kafin Palmer ya fassara shi a 1908. A wurinsa Barbushe matsafi ne, kuma babban aikin da ya ba shi a labarin shi ne faɗin zuwan baƙon da zai karɓe ƙasar, wato Bagauda. Ke nan kowannensu ya adana tsohon labari, amma ya rage masa ƙarfi.

Ta fuskar zubi akwai bambanci. Edda ta kawo asalin duniya da ƙarshenta da dangantakar alloli a tsare. Tarihin Kano kuwa ya taƙaita Tsumburbura a 'yan shafukan farko, ya wuce ga jerin sarakuna. Wannan rauni ne ga mai neman tarihihi. Cikon giɓin yana bakin jama'a: birnin Jangare, da Inna, da Kure, da Sarkin Rafi, irin iskokin da Greenberg (1946) ya nazarta a wurin Maguzawan ƙasar Kano.

Babban bambancin yana cikin rayuwar yau da kullum. Ga yawancin Turawan Arewa, Tor ya zama ɗan wasan fim da kuma sunan rana, domin daga gare shi aka samo sunan Alhamis a harsunansu. Mutum zai ba da labarinsa ba tare da an tuhumi imaninsa ba. A Gwarzo da Kabo abin ba haka yake ba. Sunayen ranaku na Larabci ne, amma har yanzu ana gudun gindin tsamiya da tsakar rana, ana kuma yin bisimilla kafin a zubar da ruwan zafi. Kalmar Bamaguje kuma ana iya jifan mutum da ita a matsayin gori. Matashin da ya ambaci Inna yana maganar abin da wani maƙwabcinsa ke tsoro ne, wani kuma ke ƙyama.

Bisa ga haka, musayar ba ta zama daidai wa daida ba. Ɗaya yana ba da labarin da ya huce, ɗaya kuma na ɓoye wanda ke da sauran zafi. Illar ita ce abokin na nesa zai ɗauka Hausawa ba su da irin wannan adabi, shi kuma matashin ya san Asgad fiye da Jangare.