Shaihu Umar da Sholay: Baki da Hoto a Wasan Silima

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a kwatanta finafinai biyu da na sake kallo kwanan nan, wato Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976), fim ɗin tarihi da aka ciro daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da kuma Sholay na Ramesh Sippy (1975), labarin faɗa da ramuwa daga ƙasar Indiya.

Ƙarfin Shaihu Umar yana cikin harshensa. Hausarsa tsantsa ce, kuma wahalar uwar da ta faɗa bauta wajen neman ɗanta tana ratsa zuciya. Sai dai, a ganina, fim ɗin bai gama rabuwa da dandamali ba, domin sau da yawa baki ke faɗin abin da ya kamata hoto ya nuna, har tafiyar labarin ta yi nauyi.

Sholay kuwa bai kai shi zurfin jigo ba, amma ya fi shi sanin aikin hoto. Misali, mai kallo ba ya sanin an sare wa Thakur hannuwa sai lokacin da mayafinsa ya zame. Wannan hoto guda ya ƙara bayyana dalilin ramuwarsa.

Abin lura a nan shi ne, masu shirya finafinan Hausa na baya sun ɗauko rawa da waƙa daga Indiya, suka bar wannan dabara. Ita ce ya kamata manazarta su riƙa nema idan sun zo auna fim.