Ƙanen Yakubu ba sai an nemo sunansa a waya ba

A gidajen GRA ta Bauchi wata al'ada ta kankama. Ɗan fari ya ci sunan kakansa, Yakubu ko Sa'adu, domin tsofaffi ba sa yarda a tsallake su. Daga na biyu kuwa sai uwa ta ɗauki waya, a jero Ayman, Afnan, Hanan, duk da ƙarshe iri ɗaya don su yi daɗin rubutawa a katin suna. Shi kuma Yakubu a lulluɓe shi da Amir, har ya gama firamare maƙwabta ba su san sunansa na yanka ba.

Alkunya ba laifi ba ce. Surukar da ba ta iya kiran sunan mahaifin mijinta dole ta ce Abba ko Baffa, haka muka taso muka gani. Abin da nake ƙi shi ne jin kunyar tsohon sunan kansa, a garin da Malam Yakubu, ɗalibin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809, garin Sa'adu Zungur, inda kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa yake.

Kuma dacewar sunayen 'yan ɗaki ɗaya ba sabon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun jera Abubakar, Umaru, Usmanu, Aliyu bisa tsarin halifofi. Sun jera Zainabu, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Fatima, 'ya'yan Manzon Allah (SAW). Gidan da kowane namiji Muhammadu ne sai a bi lissafi: Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru idan Allah Ya hore. Hassan da Husaini, mai bi musu Gambo. Kana jin sunan ka san matsayin yaro a ɗakinsu, wani lokacin har da labarin haihuwarsa. Ayman da Afnan fa, wane ne babba? Sau da yawa ko mace ce ko namiji sai ka tambaya.

Saboda haka idan kuna da Yakubu, ga Yusufu, ga Isiyaku, ga Binyaminu, gida ɗaya suka fito a tarihin annabawa. Hauwa'u ta dace da Maryamu da Asiya. Kafin a yanka ragon suna, ku zauna da malamin da zai raɗa wa jaririn, ku kuma tabbatar kakarsa za ta iya kiran sunan ba tare da ta nemi a maimaita mata ba.